Duk Ranar da Aka Rufe Ƙofa: Tarihin Takunkumi da Kasuwancinmu na Kan Iyaka

 Barkanmu da ganin zagayowar ranar da aka kafa wannan ƙungiya tamu.

Kwamitin biki ya umurci ofishin magatakarda ya rubuta wani abu na tarihi a wannan mujalla. Da muka ɗauko kundayen ƙungiya muna neman abin rubutawa, sai muka lura da wani abu. Duk inda ka ga shafin kuɗin wata-wata ya yi fari, ba wanda ya zuba komai, in ka duba kwanan wata za ka tarar lokacin iyaka a rufe take. Kuma duk bayan irin wannan shafi akwai sunayen da ba su sake bayyana ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin rufe ƙofa daki-daki: wanda dattawanmu suka gani, wanda muka gani da idonmu, da kuma sabon salon da ke tafe ta cikin waya.

Iyaka ta same mu muna kasuwa

Kafin a san wata ƙasa mai suna Nijar ko Najeriya, fatake suna tashi daga Kano da Katsina su nufi Damagaram da Agadas, wasu su yi yamma zuwa Gwanja ɗaukar goro. Maraɗi kanta Katsinawa ne suka kafa sarautarta. Turawan Ingila da na Faransa ne suka zauna a ƙasashensu suka ja layi, suka yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, sannan aka zo aka kafa alamu. Layin nan mai tsawon kimanin kilomita 1,500 ya raba gona da mai ita, ya raba wa da ƙane, amma bai raba kasuwa ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram ta can take bi ta kai teku.

Bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnatocin biyu sun gane cewa ba su da rabuwa. A 1971 suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai. A cikin shekarun 1970 aka ja wutar lantarki daga madatsar Kainji ta Birnin Kebbi zuwa Yamai, daga baya aka ja wata daga Katsina zuwa Gazawa, wadda ke ba Maraɗi da Damagaram. A 1975 aka kafa ƙungiyar CEDEAO, wadda ƴan uwanmu na Najeriya suka fi sani da ECOWAS, da alkawarin cewa mutum da kayansa za su yi zirga-zirga ba tsangwama. A kan wannan alkawari iyayenmu suka zuba jarinsu: wake, albasa, dabbobi, aya da riɗi su gangara kudu, hatsi, siminti, taki, man fetur da kayan masarufi su hauro arewa.

1984: yunwar da aka sa wa sunan mutum

Rufewar farko da dattawanmu ba sa mantawa ita ce ta 1984. Janar Muhammadu Buhari ya karɓi mulki a ranar ƙarshe ta 1983. A watan Afrilu na 1984 gwamnatinsa ta canza launin takardun naira, ta rufe iyakokin ƙasa domin kada nairar da ke waje ta komo a canza ta, kuma wa'adin canjin bai kai mako biyu ba. Ɗan kasuwar Maraɗi ko Ƙonni da ya kwana da buhun naira sai ya wayi gari da buhun takarda. Wani dattijo a ƙungiyar nan yakan ce a ranar ya san kuɗi ba dukiya ba ne, yarda ce kawai, kuma mai iko yana iya janye ta da sanarwa guda a rediyo.

Daminar wannan shekara ta zo da fari. A da, in hatsi ya gaza a Nijar, daga kasuwannin Najeriya ake cike giɓin. Wannan karo ƙofa a garƙame take. Har yau a ƙauyuka da yawa ana kiran yunwar da sunan El-Buhari. Ba a buɗe iyaka ba sai a watan Maris na 1986, zamanin Janar Ibrahim Babangida. Kusan shekara biyu ke nan. A cikinsu mutane suka haddace barauniyar hanya, kuma ba su manta da ita ba bayan an buɗe ta gaskiya.

2019: hannu a takarda, kwaɗo a ƙofa

A ranar 7 ga Yuli 2019, a Yamai, shugaban Najeriya ya sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta nahiyar Afirka. Ba a yi wata biyu ba, ranar 20 ga Agusta, aka rufe iyakokin ƙasa, aka ce saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai da mai. A watan Nuwamba aka hana kai mai gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mu da muke wannan ofis mun ga abin da ya biyo baya. Kamyo ya tsaya, babur ya tashi. Buhun da yake wucewa a gaban duwan da kwastan a biya masa kuɗi a karɓi rasit, sai ya koma bin daji cikin dare, ana biyan wanda ba ya ba da rasit. An buɗe Illela da Maigatari a watan Disamba 2020, Jibiya da Kamba kuwa sai a watan Afrilu 2022. Shinkafar waje ba ta daina shiga ba. Tsada kawai ta ƙara.

2023: takunkumi na gaske

Waɗancan biyun rufe iyaka ne, ƙasa guda ta ja ƙofarta. Takunkumi ya fi haka nauyi, domin ƙasashe da yawa ne suke haɗa kai su toshe hanya da banki da wuta a lokaci ɗaya.

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya hau. Ranar 30 ga wata shugabannin CEDEAO suka taru a Abuja ƙarƙashin jagorancin Bola Tinubu. Suka rufe iyakokin ƙasa da na sama, suka dakatar da cinikayya da hada-hadar kuɗi da Nijar, suka riƙe dukiyar gwamnati da ke bankunan yankin, suka ba da wa'adin mako guda. Ƙungiyar ƙasashe masu amfani da sefa ta UEMOA ta bi sahu, babban bankinta ya ɗaure hannun baitulmalin Nijar. A farkon Agusta Najeriya ta yanke wuta, alhali kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga can take zuwa. Faransa da Tarayyar Turai suka tsayar da tallafi, Bankin Duniya ya dakatar da sakin kuɗin ayyuka.

Kowa a cikinmu yana da nasa labarin. Motoci sun yi layi a Malanbil sun kasa haye gadar Gaya, kwantenoni sun taru a tashar Kwatano kuɗin ajiya yana hawa kansu kullum. Wanda ya karkata ta Lome dole ya ratsa Burkina Faso, ya jira rakiyar soja kwana da kwanaki kafin ya iso Tera. Albasar Galmi ba ta san siyasa ba, in ta kwana uku a rana cikin buhu sai ta fara ruwa. Mai kifi da mai ƙanƙara sun zubar da kaya saboda rashin wuta, mai walda da mai injin niƙa suka zauna. A banki aka ƙayyade abin da mutum zai iya cira daga kuɗinsa. Magani ya yi wuya a kantunan magani.

Kada ƴan uwanmu na Nijar su ɗauka su kaɗai abin ya ci. Kasuwar Dawanau ta rasa masu saye, kasuwannin dabbobi na Maigatari da Illela suka yi sanyi, ƴan dako a Jibiya suka rasa na cefane. Abin ya zo wata biyu kacal bayan cire tallafin mai a Najeriya, ga naira tana faɗuwa. Shi ya sa muryoyin da suka fi ƙarfi wajen neman sulhu daga arewacin Najeriya suka fito: sanatocin arewa suka ƙi yarda da yaƙi, Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi suka je Yamai, Muhammadu Sanusi na biyu ya gana da Janar Tiani, tawagar malamai ma ta je. A watan Fabrairu 2024 Janar Yakubu Gowon, wanda yana cikin waɗanda suka kafa CEDEAO, ya roƙi a janye takunkumin. Ranar 24 ga Fabrairu aka janye. Najeriya ta ba da umurnin buɗe iyaka ranar 13 ga Maris, Nijar ta buɗe nata ɓangaren ranar 22 ga wata, ana cikin azumi.

Ƙungiyarmu ba ta siyasa ba ce, a cikinmu akwai mai wannan ra'ayi akwai mai wancan. Amma lissafi aikinmu ne. An sa takunkumi domin a mayar da gwamnatin da aka kifar, aka janye shi bayan kusan wata bakwai ba a mayar da ita ba. A tsakani Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen AES a watan Satumba 2023, suka sanar da ficewa daga CEDEAO ranar 28 ga Janairu 2024, ficewar ta tabbata bayan shekara guda. Wato abin da aka nema bai samu ba, abin da ake da shi kuma ya tsage.

Abin da ba ya dawowa da buɗe ƙofa

Ranar da aka buɗe iyaka an yi murna, an yi ta busa oda. Sai dai akwai asarar da sanarwa ba ta mayarwa, kuma ita ce ta shafi ci gaba mai ɗorewa, wato irin ci gaban da ɗanka zai tarar ya ɗora a kai.

Na farko, jari. Babban alhaji mai sito uku yana iya jiran wata bakwai. Matar da take ɗauko atamfa turmi goma daga Kantin Kwari, ko yaron da yake juya kuɗin buhu ashirin, wata biyu ya isa su cinye uwar kuɗi. Sunayen da suka ɓace daga kundinmu yawanci irin waɗannan ne. Rufe ƙofa yana kashe ƙaramin ɗan kasuwa, ya bar fili ga mai ƙarfi da mai hanya.

Na biyu, kuɗin gwamnati. A watan Oktoba 2023 Nijar ta rage kasafin kuɗinta da kimanin kashi 40 cikin 100, daga sama da miliyar 3,200 na sefa zuwa ƙasa da miliyar 2,000. In kasafi ya ragu, albashi da tsaro ake fara biya, hanya da asibiti da makaranta su jira. Aikin madatsar Kandaji, wanda aka aza harsashinsa tun 2008 domin Nijar ta samu wutarta da ruwan noman rani, ya tsaya a lokacin takunkumin. Hanyar da ba a gyara ba kuwa mu ne muke biyan kuɗinta a garejin bakanike.

Na uku, daji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk hanyar da aka buɗe wa shinkafa cikin dare, bindiga da ƙwaya ma sun gan ta. Yaron da ya saba samun kuɗin mako a dare guda kan babur, da wuya ya koma gona ko koyon sana'a.

Na huɗu, yarda. An janye takunkumi, amma Nijar ta bar iyakarta da Benin a rufe, rigimar ta kai har ga bututun mai na kusan kilomita 2,000 da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin. Ƴan uwanmu Hausawan Sudan sun riga mu sanin wannan. Amurka ta sa wa Sudan takunkumi a 1997, ta janye a 2017. Amma tun da aka ci wani babban bankin Faransa, BNP Paribas, tarar kusan dala miliyar 9 a 2014 saboda hulɗa da Sudan da Iran da Kuba, bankunan waje suka ci gaba da ɗari-ɗari da duk takardar da ta fito daga Khartum. Doka takan tashi a rana guda, tsoro kuwa sai ya shekara yana zaune.

Sabuwar ƙofa tana cikin aljihunmu

Iyayenmu sun san ƙofa guda, wadda ake sa wa sanda da sarƙa. Mu muna da ta biyu. Yau farashin wake a Dawanau ta WhatsApp muke jin sa, kuɗi ta waya muke turawa, takardar duwan a kwamfuta ake cike ta. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura har waɗanda ba sa so zuwa taransifa. Wannan sauƙi ne babba, amma ƙofa ce da wani yake iya rufewa daga nesa, ba tare da ya tako Ɗan Isa ko Kongolam ba.

Mun ɗanɗana. A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda ƴan bindiga, Jibiya tana ciki. Abin da muke kira rezo, ƴan uwanmu suke kira sabis, ya ɗauke ɗif, mutanen bakin iyaka suka koma neman layin Nijar. Ranar 14 ga Maris 2024, kwana guda bayan umurnin buɗe iyaka, manyan wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku suka katse daura da Kwaddibuwa, harkar banki ta rikice a Najeriya da Ghana da wasu ƙasashe. Wannan hatsari ne, ba hari ba. To ina ga an yi da gangan?

Ana yi kuwa. A watan Yuni 2017 wata cutar kwamfuta da aka sa wa suna NotPetya, wadda aka saka wa Yukren, ta bazu duniya ta faɗa wa kamfanin jiragen ruwa na Maersk, wanda da yawanmu mun sha ganin sunansa a jikin kwantena. Kwamfutocinsa suka mutu, tashoshi suka tsaya, kamfanin ya ce ya yi asarar kusan dala miliyan 300. Amurka da Ingila suka ɗora laifin a kan sojojin Rasha, Rasha ta musanta. A watan Yuli 2021 masu kutse suka gurgunta kamfanin da ke tafiyar da tashoshin ruwan Afirka ta Kudu, har da ta Durban, aka koma rubuta shige da ficen kaya da hannu. A Sudan kuma, a watan Fabrairu 2024, ana tsakiyar yaƙi, aka kashe layukan sadarwa, mutanen da kuɗinsu yake cikin manhajar Bankak suka wayi gari ba su iya sayen ko burodi.

Abin lura shi ne, takunkumi ana sanar da shi, an san wanda ya sa, an san ƙofar da za a je roƙo. Harin intanet ba ya sallama, mai shi ba ya amsa sunansa, kuma ba ya bambanta ma'aikatar tsaro da mai sayar da albasa. Ƙasar da tashar ruwanta da bankinta da duwan ɗinta suka rataya a kan waya guda, ana iya rufe ta ba tare da an kira taro a Abuja ba.

Abin da ya rage gare mu

Ba mu muke sa takunkumi ba, ba mu muke janye shi ba. Amma tarihin nan ya nuna mana su wa suka tsira. A 1984, a 2019 da 2023, wanda ya tashi bayan faɗuwa shi ne mai abokin ciniki a ƙetare da ya yarda ya ba shi kaya bashi, da mai lissafi a rubuce, da wanda bai zuba dukiyarsa duka a mota guda ko kuɗi iri guda ba. Lokacin da banki ya tsaya, amanar da ke tsakanin ɗan canjin Maraɗi da na Wapa ce ta riƙe kasuwa: a ba da sefa a nan, a karɓi naira a can, shaida ita ce kalmar baki. Da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka ofishin magatakarda yana gabatar wa babban taro shawarwari huɗu, a tattauna a yanke.

Ɗaya, a kafa asusun ko-ta-kwana, kowane mamba ya riƙa zuba wani abu a kan kowace mota ko kowane wata, a ajiye rabi da sefa rabi da naira, a fara da ƙananan ƴan kasuwa da mata in ƙofa ta sake rufuwa.

Biyu, duk cinikin bashi da ajiya tsakanin mambobi a rubuta shi a takarda, da shaidu biyu, a kawo kwafi ofis. A rikicin da muka sasanta bayan 2023, mafi wuya su ne waɗanda hujjarsu duka tana cikin wayar da ta ɓata ko ta lalace. Akwai ƴan uwa biyu da suka shekara goma suna ciniki tare, yau ba sa gaisawa saboda saƙon murya guda da ya goge.

Uku, a shirya wa mambobi bita a kan tsaron waya: kada a ba kowa lambar sirri ko da ya ce daga banki yake, kada a saki kaya don ganin saƙon shigar kuɗi sai an duba asusu, kada a tara jari duka a manhaja guda.

Huɗu, shugabanninmu na ɓangarorin biyu su riƙa zama tare a kai a kai, su san ƙofar ɗakunan kasuwanci da sarakuna da hukumar haɗin gwiwa tun ana zaman lafiya. A 2023 mun yi ta neman wanda zai kai kukanmu bayan wuta ta riga ta kama. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 yana tafe. Ya kamata a ji bakinmu tun yanzu a kan yadda za a yi amfani da shi, da kuma abin da zai faru da kayan da ke cikinsa ranar da manya suka sake saɓawa.

Muna roƙon kowane mamba ya zo taron da ra'ayinsa, wanda yake da gyara ya kawo. Waɗanda sunayensu suka ɓace daga kundi, in kun san inda suke, ku sanar da ofis, muna so mu neme su. Zumunci a ƙafa yake.

Allah ya jiƙan dattawan da suka kafa wannan ƙungiya, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, ya sa albarka a kasuwa, ya maimaita mana.

Daga ofishin magatakardan ƙungiya.